Ni Na Ce Ka Koma Fili

Assalamu alaikum, Abba.

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka ya jiki. Da fatan ƙafar ta bar ka ka runtsa, kumburin kuma ya ɗan sauka. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce, ya tsare maka hanya tun daga Guangzhou har ƙofar gidanmu a Kano.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, amma ga shi wasiƙa nake rubuta maka. Wata biyar ke nan maganarmu ba ta wuce "ina kwana" da "lafiya lau". Sau da yawa nakan zo bakin ƙofarka in tsaya, in ji ƙarar sandunanka a ƙasa, in juya. Jibi za ka tafi, ka kuma ce abokin kasuwancina Alhaji Issaka ne zai kai ka filin jirgi, ba ni ba. Ban ja da kai ba. Zan sa takardar nan a aljihun jakarka. In ka ga dama ka karanta a jirgi, in ka ga dama ka bari sai ka yi furfura.

Ba wani sabon labari zan ba ka ba. Kana wurin aka yi komai. Abin da ba ka taɓa ji ba shi ne ni na faɗe shi da bakina.

Kana shekara goma sha ɗaya na ɗauko ka daga wurin Ummanka na kawo ka ƙasar Sin ɗin nan. Na ce mata ina so ka iya yarensu tun bakinka bai ƙage ba, ka kuma koyi kasuwanci. Lokacin kullum muna Xintang, muna bin gidajen ɗinkin wandon jins ɗaya bayan ɗaya. Bayan wani gidan ɗinki akwai ɗan filin siminti da kwando guda mai tsatsa, 'ya'yan ma'aikata suna wasa a wurin. Da na waiwaya sai in neme ka in rasa. Wata rana na same ka can da ƙwallo sabuwa, ashe kuɗin abincinka ka tara ka saya. Na karɓa, na shiga gidan ɗinkin, na ɗauki almakashin da suke yanka yadi da shi, na farke ta a gabanka. Ba ka yi kuka ba. Ka tsugunna ka ɗauki fatar, ka naɗe, ka sa a jakar makaranta. A raina na ce na yi tarbiyya.

Da ka shiga jami'a suka sa ka a ƙungiyar ƙwallon kwando, shekara uku cur kana gayyata ta. Ka zo ka tsaya kana sosa ƙeya, ka ce, "Baba, ranar Asabar muna da wasa." Ni kuma in ce, "Ina da kaya a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, za a yi lodi." Wani lokacin gaskiya ne. Yawanci ba gaskiya ba ne, Abba. Zama nake yi a shago ina shan shayi. Na ɗauka abin yara ne, abin da ba ya kai mutum ko'ina.

Idan Allah ya ba ka ɗa, ya zo yana sosa ƙeya ya ce ka zo ka ga wani abu da ya iya, ka tashi ka je a ranar. Ko zane ne a ƙasa. Ka je tun babu wanda ya san shi, tun kujerun wurin duk babu kowa. Zuwan da za ka yi daga baya, bayan duniya ta riga ta taru, ba shi da wani amfani a wurinsa.

Kai ka ɗauka zuciyata ce ta yi laushi da na ce zan zo. Ka yi murna har ka kira Umma ka gaya mata. To, ga abin da ya kawo ni. Wata Juma'a bayan an sauko, muna gidan abincin da 'yan Kano ke cin tuwo, wani ya miƙo mini waya ya ce, "Alhaji Nasiru, wannan ba yaronka ba ne?" Na ga ka tashi sama ka dankara ƙwallo cikin kwando, zauren wasan ya ɗauki ihu. Wayar ta zaga teburin sau biyu. Mutanen da suka fi ni dukiya suka riƙa miƙo mini hannu. Bayan kwana biyu, wani mai gidan ɗinki a Xintang da muka shekara goma muna ciniki bai taɓa riƙe sunana ba, ya fito har waje yana kirana "lawban, lawban", wato maigida, ya ce 'yarsa a jami'arku take, ya roƙi mu ɗauki hoto.

Ka san yadda zaman garin nan yake. Shekara ashirin ina shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, in zauna, na kusa da ni ya ɗan matsa. Ban taɓa cewa yana damuna ba, amma yana damuna. Kwatsam sai ga mutane suna son tsayawa kusa da ni. Abin ya shige ni kamar maye. Ban tambaye ka me kake so ba, na yi shelar wasan Asabar a zaurenmu na waya, na yi hayar bas, na cika ta da 'yan kasuwa. Har farar shadda na sa aka goge mini.

Duk abin da za ka yi wa wani, ka tsaya ka tambayi kanka wa kake yi wa. Ni da na yi wannan tambayar a ranar, da na ji kunyar amsar, watakila da kunyar ta zaunar da ni.

Da safen Asabar ɗin na same ka a falo kana naɗe gwiwa da bandeji. Ka ce, "Baba, mako biyu ke nan tana ciwo. Koci ya ce rabin wasa kawai zan yi, tunda abokan karawar ba su da ƙarfi sosai." Ka tuna amsar da na ba ka? Ban ce sannu ba. Na ce, "Na fa tara mutane." Ka ɗago ka dube ni, ka ci gaba da naɗi.

Wasan bai yi wuya ba, kamar yadda kocin ya faɗa. Tun zangon farko kuka wuce su, kafin a je hutu sun riga sun sare. Da aka gama zango na uku tazarar ta kai maki talatin ko kusa da haka. Koci ya fitar da kai, ka zauna a benci, aka ɗora maka ƙanƙara a gwiwa. Na ga yadda 'yan kallo suke idan nasara ta zo da sauƙi. Ba wanda ke addu'a, ba wanda ke cizon yatsa. Ɗalibai suna ɗaukar hoton kansu, wasu suna cin gyaɗa, wasu sun fara fita tun ba a tashi ba. Wasu 'yan mata a gabanmu suna waƙar tsokanar waɗanda aka cinye. Mutane sun ƙoshi, sai neman abin da zai ƙara musu nishaɗi.

A bayana na ji wani daga cikin mutanen da na kawo yana cewa, "To mu mun rufe shago ne mun zo kallon benci?" Aka yi dariya. Na ji kamar da ni ake.

Sai wani ɓangare na ɗalibai suka fara kiran sunanka. "A-ba! A-ba!" Suna buga ƙafa, sauran suka ɗauka, har zauren ya riƙa girgiza. Ka san da yaren mutanen garin nan haka yaro ke kiran ubansa. Wallahi a lokacin ji na yi kamar ni suke kira. Na miƙe. Alhaji Issaka, wanda tun zuwansa daga Kumasi muke lodin kwantena tare, ya kama gefen rigata ya ce, "Alhaji, zauna. An riga an ci wasan nan. Bar yaro ya huta." Na fizge. Na sauka har bakin ƙarfen da ya raba mu da fili, na ɗaga murya da Hausa, yaren da na san a duk bencin nan kai kaɗai za ka ji, na ce, "Abba! Tashi mana! Mutane dominka suka zo!"

Mutum ɗari nawa ne suke ihu ba ka ko waiwaya ba. Tawa ka ji. Ka juyo, ka dube ni, ka ɗauke ƙanƙarar ka ajiye a ƙasa. Na ga ka je wurin koci. Ya girgiza kai. Ka sake magana, ya sake girgiza kai. A na uku ka nuna inda nake tsaye. Ya dube ni, ya dube ka, ya ɗaga hannu ya nemi canji.

Saura minti huɗu. Ka jefa ɗaya ta shiga, zaure ya fashe, wani ya rungume ni ta baya. Na ɗaga hannu biyu sama kamar ni na jefa. A ta biyun ka tashi, ka sauko, ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Ban ji ƙararka ba saboda hayaniya, bakinka kawai na ga ya buɗe. Aka kawo gadon ɗaukar majinyaci aka ɗauke ka, 'yan kallo suka tafa maka. Aka sa wani a gurbinka, aka ƙarasa wasan. An ci da tazarar da da ma ake da ita kafin ka shiga.

Ban san irin shawarar da zan ɗora a kan wannan ba. Na rubuta na soke ya fi sau biyar. Abin da ya rage shi ne wannan: idan jikinka ya ce a'a, ka bi jikinka, ko da wanda ya ce ka tashi ubanka ne. An koya maka biyayya, ni na koya maka, kuma ita na kama na ja ka da ita. Akwai umarnin da ƙin bin sa ba saɓo ba ne. Da ka yi kamar ba ka ji ni ba, da na yi fushin kwana biyu, da yanzu kana gudu.

Akwai abin da ya fi wannan muni, wanda nake jin ba ka sani ba, sai dai in Alhaji Issaka ya gaya maka, shi kuwa ba mai kai magana ba ne. Da aka tashi na je ƙofar ɗakin canza kaya, wani ɗalibi ya ce an tafi da kai asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Na ce wa kaina targaɗe ne. A waje ɗalibai suna ta rawa da ganguna, mutanenmu suka kewaye ni, "Alhaji, yau kai za ka ciyar da mu!" Na bi su. Na shiga bas ɗin. Na zauna a gidan abinci ana zuba mini nama, ana nuna mini bidiyon ƙwallon da ka jefa, ana cewa ɗan Kano ya fitar da mu kunya. Fiye da awa ɗaya. Sai wayata ta yi ƙara, Alhaji Issaka ne. Ashe shi tasi ya hau ya bi motar asibitin. Ya ce, "Alhaji, kana ina? Yaron nan sau uku yana tambaya ko ka iso." Da na zo ka ce, "Baba, cunkoso ne?" Na ce eh.

Ranar da wani naka ya faɗi, ka bi gadon da aka ɗauke shi a kai. Ko an ce maka ƙaramin abu ne, ka je ka gani da idonka. Taro ba ya rasa wanda zai zauna a kujerarka.

Washegari na shiga shafin magoya bayan ƙungiyarku, wayata tana fassara mini abin da suke rubutawa. Na ɗauka zan ga jimami. Akwai masu yi maka fatan sauƙi, ba zan yi musu ƙarya ba, wata yarinya ma ta rubuta doguwar magana mai daɗi. Amma yawanci murna suke. Wani ya ce wasa ne mai sauƙi, ko barci suke za su ci. Wani ya ce wannan ya nuna ko babu dogon baƙon nan ƙungiya tana da ƙarfi. Wani ya ce wa ya aike shi ya koma, son a gani ne. Wani ya yanko faɗuwarka ya haɗa da kiɗa, tana maimaituwa, mutane suna sa alamar dariya. Na tabbata cikinsu akwai waɗanda suka buga ƙafa suna kiran sunanka. Asabar ta gaba aka sake cin wasa, suka sami wani sunan da za su kira.

Ba na zaginsu, Abba. Yara ne, sun zo jin daɗi, sun ji, sun tafi. Ba su ɗauki alkawarin komai a kanka ba. Ni ne na ɗauka, tun ranar da aka raɗa maka sunan mahaifina. Amma ka san wannan game da masu tafi: ba kai suke so ba, abin da suke ji a jikinsu lokacin da kake tashi sama suke so. A Kano ma za ka same su. Za a zo gaishe ka, a ce ga wanda ya yi wasa a Sin, a ce ka ɗan nuna. Kada ka nuna.

A zaurenmu na 'yan kasuwa kuwa, laifin ya koma kan koci. Wani ya rubuta, "Da ɗan ƙasarsu ne da bai mayar da shi ba." Aka yi ta tsine masa. Mutanen da suke tsaye kusa da ni lokacin da na yi ihun, ba wanda ya ce uffan, ni ma ban ce ba. Har na tura "Allah ya isa". Da hannuna na rubuta.

Kwana uku bayan aikin farko da aka yi maka a gwiwa sai ga kocin ya zo asibiti da kwandon lemo. Dattijo ne, ya girme ni. Ya tsaya a gaban gadonka, ya juyo wurina, ya sunkuyar da kai ƙasa ya daɗe bai ɗago ba. Ya yi magana, kai ka fassara mini: "Ya ce laifinsa ne. Ya ce shi ne babba a wurin, bai kamata ya yarda ba. Yana neman ka yafe masa." Kana kallona. Na san abin da kake jira. Na buɗe baki, na ce, "Ka ce masa ba komai, ƙaddara ce." Ka fassara. Ka juya fuskarka bango.

Ba ranar wasan na rasa ka ba, ranar nan ce. Na sani. Ihu kowa yana iya yi cikin zafin taro. Amma a ɗakin nan babu taro, babu ganga, mu uku ne, na bar dattijo ya ɗauki kayana ya fita da shi.

Idan ka yi laifi ka faɗa da wuri, tun yana da ɗumi. Kowace rana da ka bari, faɗarsa tana ƙara nauyi, har ya zama ba ka iya ɗagawa. Makon jiya na je jami'ar na nemi kocin. Na rubuta abin da zan ce a waya ta fassara, na miƙa masa. Ya karanta, ya mayar mini, ya dafa kafaɗata, ya koma wurin yaransa. Ban ji sauƙi ba. Ina jin lokacin da maganar za ta yi amfani ya riga ya wuce.

Likita ya ce za ka yi tafiya ba sanda nan da wasu watanni, amma tsalle irin na da, kada mu sa rai. Ka ce ba za ka iya ci gaba da wuce ƙofar zauren wasan nan kullum kana zuwa aji ba, gara ka koma gida. Saura shekara ɗaya ka gama. Na so in ce ka daure, sai na tuna ba ni da bakin faɗa maka ka daure.

Saura Umma. Tun ranar farko na gaya mata koci ne ya tilasta maka. Wata biyar tana yi wa bawan Allah mugun baki a kan sallaya, kai kuma ba ka ƙaryata ni ba. Yau da la'asar na kira ta na faɗa mata komai, har da naman da na zauna na ci. Sai ta ce, "Da ƙafa biyu na ba ka shi, Alhaji." Na ce haka ne. Ta ce, "Aiko mini da ɗana." Ta kashe. Na sake kira ba ta ɗauka ba. Don haka ba sai ka ci gaba da rufa mini asiri a gabanta ba. Wannan nauyin aƙalla na sauke maka.

Ga 'yan abubuwan da na san suna da amfani, tunda sauran ban tabbata ba. Na roƙa maka kujerar bakin hanya a jirgi, ka riƙa miƙe ƙafar, ka tashi ka ɗan taka kowace awa biyu. Takardun asibiti suna cikin farin ambulan, Alhaji Issaka ya sa an fassara su. In ka isa, 'yan uwa za su kawo maka mai ɗori, za su rantse ya gyara waɗanda suka fi ka. Ka gaishe shi da mutunci, amma kada ka bari ya taɓa gwiwar, akwai ƙarfe a ciki. Ka yi atisayen da aka koya maka ko ba ka so. Ka yi salla a zaune har sai likita ya ce ka durƙusa, kada surutun masallaci ya sa ka yi abin da lokacinsa bai yi ba tukuna.

Ba na roƙon ka yafe mini a takardar nan. In na roƙa za ka ce ka yafe, don haka aka rene ka, ni kuma zan san ba daga zuci ba ne. Ban san yaushe zan zo gida ba, ban kuma san ko in na zo za a yi murna ba. Zan zauna a nan in ci gaba da lodin wanduna, shi ne abin da na iya.

Allah ya kai ka lafiya. Allah ya tsare ka a sama da ƙasa, ya tsare ka daga santsi da turereniya da matakala mai tsayi. Allah ya ɗinke abin da ya tsinke a ƙafarka, ya buɗe maka wata ƙofar da ni ban san da ita ba. Ya haɗa ka da mutanen da za su ce maka zauna ka huta. Ka gai da Umma, ko ba ta amsa ba.

Jibi da safe zan fita shago da wuri, don kada ka ji dole sai ka yi mini sallama.

Mahaifinka,
Nasiru